Itacen Wankan Kyauta

Tun rana ba ta yi ƙwari ba kamyon 'yan kasuwa ya baro Malbaza, Kyauta na can bisa buhunan gishiri ta dunƙule cikin zane da mayafi ɗaya, ɗari yana yankar ta kamar da aska. Cikinta wata bakwai, na fari kuwa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta dafe mara ta ce, “Wayyo Allah!” a hankali, don kada maza su ji. Badaguishiri za ta goyon ciki, kamar yadda kowace mai cikin fari ke komawa gidan iyaye ta haihu, ta yi wankan jego kwana arba'in. To amma ita wane gida gare ta? Uwa ta rasu tun tana goye, uba ya bi bayanta shekara huɗu da suka wuce. Sai ƙanen uban, Baba Wakili mai lambun albasa, da matarsa Inna Kubura, wadda idan ta yi maka dariya to ka duba bayanka.

Abin da ke ɗumama zuciyarta kaɗai maganar mijinta Labo, lebura a sabuwar ma'aikatar siminti. Da zai ɗora ta mota ya ce, “Ki kwantar da hankalinki. Itacen wankanki na tara shi, ƙirya zalla, nan da sati biyu shina bayanki. Ba ki jin ɗari in sha Allah.”

Ta isa ƙafafu a kumbure, leɓe a fashe. Kubura ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Ke ce tahe? To ga zaure can na awaki, an share. Ɗakin uwarki Ladi na ciki, ita ma goyon ciki ta zaka.” Ladi ɗiyar Kubura ce, tana aure a Illela, mijinta Chindo ya tsallaka Najeriya ci-rani tun kaka, ko sallahu bai aiko ba. Kyauta ta durƙusa ta ce, “Na gode, Inna.” Ta shiga zauren da rabin rufinsa ya zube, ta shimfiɗa tabarma, hawaye na bin kumatunta... a ɗakin da aka hana ta ɗin nan aka yanke mata cibi!

Tun daga ranar ba ta huta ba. Daka nata, surfe nata, ɗiban ruwa da sassafe lokacin da guga ke ƙone hannu don sanyi, nata. Ladi kuwa tana kwance bakin wuta ana dama mata fura. Baba Wakili mutum ne mai sanyin hali, ya fita lambu da asuba sai almuru, abin da matarsa ta faɗa masa shi ne labarin gidansa.

Rannan an aiki Kyauta kai abinci lambu, sai ga kamyon siminti ya tsaya ƙofar gida. Direban, Abarshi, abokin Labo, ya sauke itacen ƙirya lodi guda, da buhun gero da kanwa, ya damƙa wa Kubura ya ce saƙon Labo ne, a gaida Kyauta, ya wuce Tawa don sauri yake yi. Kubura ta tsaya tana duban itacen nan, Shaiɗan ya yi mata huɗuba. A garin nan, mijin da bai aiko itacen wanka ba, ko bai ce komai ba ya faɗa wa duniya cewa cikin ba nasa ba ne. Ga ɗiyarta ana ta yi da ita a bakin rijiya. Kafin Kyauta ta dawo an jere itacen a ƙofar ɗakin Ladi, Kubura na rangaɗa guɗa tana cewa, “Ku zo ku gani! Chindo ya aiko daga Illela! Ɗan halas ya hid da mu kunya!”

Kyauta, baiwar Allah, har da ita a masu barka. Ta shafa itacen ta ce, “Ma sha Allah, Ladi, kin yi dace.” A ranta tana cewa nata ma yana hanya.

Sati biyu suka wuce, uku, wata guda... shiru. Duk ƙugin motar da ta ji sai ta leƙa ta ɓular zana, motar ta wuce, ta koma ta zauna. Kubura ta fara sakin magana a gidajen biki: “Mu dai ba mu ce komi ba. Amma namijin da ya san nashi na, ai ba a roƙon shi itace. Malbaza kau gari na na baƙi, kowa da kowa.” Magana ta zaga gari. Matan da ke amsa gaisuwarta suka koma kau da kai. Ita kuwa kunyar cikin fari ta ɗaure mata baki: ba ta faɗin sunan miji, ba ta zancen ciki, balle ta tsaya gaban manya ta kare kanta. Shi ma Labo al'ada ta hana shi taka gidan surukai sai ranar suna. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce, “Inna, ko a aika a ji lahiya?” Kubura ta ce, “An aika. Ya ce a bar tuna mishi.” Ƙarya ce tsagwaronta, amma Kyauta ba ta sani ba. Ta koma zaure ta kifa kai a gwiwa tana kuka. “Ya Allah, Kai ka san ban ci amana ba! Mi na yi ma bawanka? In ni ya ƙi, wanga da ke cikina mi ya yi?”

Ladi ta riga Kyauta haihuwa. Safe da yamma ƙirya na ci bal-bal a ƙarƙashin rabin tano, wato duron ƙarfe, ruwa na tafasa, tururi na tashi har maƙwabta. Kyauta kuwa, da cikinta wata tara, ta shiga gonaki tana tsintar kara da busasshen kashin shanu, tana tarawa a kusurwar zaure. Wutar kara! Wadda kafin ka juya ta zama toka.

Ranar wata Laraba da hantsi naƙuda ta kama ta tana kan turmi. Ta ja jiki zuwa zaure, ta ciji zane, ba ta yi ko tari ba. Tsahara ungozoma, tsohuwar da ta karɓi haihuwar Kyautar kanta, ta zo ta tarar da 'yar jaririya a kan tabarma, jikinta sanyi ƙalau, kukanta kamar na ɗan mage. Babu guɗa, babu barka. Aka ɗora ruwa a wutar kara, ya yi ɗumi-ɗumi ya tsaya. Tsahara ta tsoma ganye ta ce, “Wanga ruwa ba shi gasa jego! Kubura, ki ji tsoron Allah, ba ni itace ko huɗu.” Kubura ta ce, “Na surukina na. Wanda ya yi cikin shi kawo nashi.”

Kwana uku zazzaɓi ya rufe Kyauta, ƙafafu suka ƙara kumbura, nono ya ƙi zuwa. Jaririya ta daina kuka sai numfashi sama-sama. Kyauta ta ƙanƙame ta a ƙirji tana hura mata iskar baki, haƙoranta na kaɗawa. “Iya Tsahara,” in ji ta, “in na mutu ki riƙe ta... kar ki bari a ce mata shegiya. Wallahi tana da uba!” Tsohuwa ta share hawaye ta fita. Ta faki idon Kubura ta je bayan tarin itacen Ladi za ta zaro guda daga ƙasa, inda ruwan wanka ke gangarawa. Ta ja, ya ƙi fitowa. Ta duƙa ta duba, sai ta ga itatuwan ƙasa sun manne da juna, wani abu toka-toka ya daskare a ɓawonsu kamar dutse. Ta ƙwanƙwasa da farce, ta jinjina kai. Ta kwaso 'yan itacen girkinta ta hura wa mai jego, washegari ranar kasuwa ta ba masu lodin albasa saƙo zuwa Malbaza.

Ranar suna da safe zauren ƙofar gida ba kowa sai liman da Baba Wakili da 'yan tsofaffi, kowa kansa a ƙasa, don ba rago, ba uba. Mata sun cika tsakar gida, ba don murna ba, don kallo. Sai ga ƙugin kamyo! Labo ya diro da rago, Abarshi na bayansa. Ya manta da kunyar surukai ya faɗa cikin gida, ya ga matarsa kamar an tono ta daga kabari. “Kyauta! Ina itacen da na aiko?”

Kubura ta yi tsalle ta ce, “Wane itace? Ba mu ga ko tsinke ba! Wanga na Chindo na, daga Illela!”

Abarshi ya ce, “Haba Inna! Ba ke na damƙa ma shi ba?”

“Ƙarya kake, ɗan kamasho! Kun haɗa baki!”

Nan Tsahara ta miƙe, ta sa aka ture tarin, ta nuna itatuwan nan da suka manne. Ta ɗauki gatari ta sara, ƙarfe ya yi ƙara, ɓarɓashi ya warwatsu. Ta ɗaga guntu sama ta ce, “Jama'a, ku duba da kyau. Kubura, tun yaushe itacen Illela ya hwara tsirowa da siminti? Cikin motar siminti anka ɗauko shi, ruwan wankan ɗiyarki ya jiƙa shi ya kama. Kin ɓoye ma mutane, ba ki ɓoye ma Allah ba!”

Gida ya ɗauki salati. Ladi ta fashe da kuka ta ce, “Inna, na ce miki kar mu yi...” Baba Wakili ya durƙusa gaban Kyauta, dattijo da furfurarsa. “Ɗiyar wana, cikin gidan ubanki anka yi miki haka ina raye? Ki gahurta mini.” Ya juya ga Kubura ya ce, “Da kanki za ki kwashe shi, ɗaya-ɗaya, ki kai ƙofarta. In kin gama ki ɗauki kayanki, na sake ki.” Haka ta yi ta jigila da itace a ka, mata na tofar da yawu. Da azahar aka ɗora ta bisa buhunan albasa, ba wanda ya raka ta ko bakin hanya.

Kyauta ta ce a bar Ladi ta ƙarasa arba'in ɗinta, itacen ya ishe su su biyu. Aka mai da Kyauta ɗakin uwarta, aka hura ƙirya, ruwa ya tafasa, Tsahara ta tsoma ganye ta fara fyaɗa mata. Ɗumi ya game ɗakin, jaririya ta motsa, ta lalubi nono ta kama, can kuma ta saki ta tsala wani kuka da aka ji har waje. Daga zaure muryar maroƙi ta taso: “An raɗa suna! Hawa'u, ɗiyar Labo!”

Sunan mahaifiyar Kyauta ne Labo ya mayar. Kyauta ta rufe fuska da tafin hannu tana kuka, Tsahara ta ce, “Yi kukanki, ɗiyata, amma juyo bayanki. Ruwan ga da zahi, kuma naki na.”