Akwatin Da Ba Daga Jamus Ya Zo Ba

Da hantsi wata yarinya ta zo, ranar kasuwar Haɗeja, ta tsaya a bakin rumfar Ja'afaru da wani ɗan memori a ƙulle cikin hankici. Shi kuwa ya kara kunne a jikin katako yana ƙwanƙwasawa da yatsa, idonsa a rufe, kamar mai jiran a amsa masa daga ciki.

"Sau uku ina sallama," in ji ta. "Ko sai katakon ya gama magana?"

Ya buɗe ido. Amsar sallamar ma sai da ya nemo ta.

Ja'afaru maƙerin akwatin lasifika ne. Yakan sayo bakin lasifika da wayoyi daga Kano, akwatin kuwa shi yake yankawa, ya haɗa, ya shafe. Yakan ce kowane ice da muryarsa: maɗaci namiji ne, doka mace ce, katakon kanti kuwa bebe ne. Mutane suna yi masa dariya. Gefensa akwai wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya daɗe da mutuwa, ita ce take ba akwatunansa sauti, don a ganinsa waya matse murya take yi har ta fita hayyacinta.

Yarinyar ta ce sunanta Zulaihat, 'yar Malam Ari ta unguwar gabas. A cikin memorin akwai muryar mahaifiyarta, wadda ta rasu bara, tana waƙar daka da Barbarci. A waya ba a jin komai sai shuuu.

Ya sa a kwamfuta, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya juyo da wani akwati wajenta. Sai ga murya ta cika rumfar. Ana jin saukar taɓarya, ana jin numfashin da matar take ja tsakanin baiti da baiti, can baya har da kukan tunkiya.

Zulaihat ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba. Ta rufe fuska da gefen hijabinta.

"Har tarinta," ta ce. "Na manta tana wannan tarin."

Da ta ƙare, ya sake sa mata daga farko.

Daga nan aka fara. Ta sa masa suna Mai Katako. Kafin wata ya cika, saƙonni sun fi ƙarfin tsohuwar wayarsa.

"Mai Katako, ka ci abinci ko yau ma ƙurar zarto ka sha?"

"Zulaina, na ci. Yau na samu wani ice mai irin muryarki in kina fushi. Na ƙi yanka shi, tsoro nake ji."

"Allah ya shirye ka. Ka zo bayan la'asar, Gwaggo ta ce tana son ganin mahaukacin."

Gwaggo 'Yar'azumi ƙanwar Malam Ari ce, ita take riƙe da gidan tun rasuwar matarsa. Ta leƙo zaure ta kalli Ja'afaru sama da ƙasa, ta ce, "Ba laifi. Sai dai a ƙara masa tuwo."

Akwai abu ɗaya da Ja'afaru bai taɓa faɗa wa Zulaihat ba, don shi kansa bai ɗauke shi abin faɗa ba. Mutanen ƙasarmu ba sa sayen lasifika in an ce a Haɗeja aka yi ta. Shekara biyu yana ƙerawa, ko ɗaya bai sayar ba. Sai Sunusi, mai babban kantin kayan wuta a bakin tasha, ya zo masa da shawara. Ya kawo wasu takardu masu ƙyalli, an buga musu sunan wani kamfanin Jamus da babu shi a duniya. Ja'afaru ya ƙera, ya manna takardar da hannunsa, Sunusi ya jera a kanti. Nan da nan aka fara rububi.

Cikin waɗanda suka saya har da Malam Ari. Manomin shinkafa ne, kakanninsa daga bakin Tafkin Cadi suka taso, kuma kullum da yamma yana karantar da littafi a ƙofar gida. Da akwatin yake karatun, don na nesa su ji. Yana ji da shi ƙwarai. Ya sa an ɗinka masa riga. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya ce, "Na Jamus ne. Mutanen nan ba sa ha'inci a aiki."

Ranar da Ja'afaru ya zo gaida Malam a karon farko, ya tarar da majalisa ta cika, akwatin kuma yana kakari kamar mai mura. Dattawa sun kewaye shi, wani yana cewa zafi ne, wani yana cewa sai an kai Kano.

"Allah ya gafarta Malam, a ba ni in duba."

"Kai yaro, wannan ba irin na rumfarku ba ne," in ji Malam.

Ja'afaru ya yi murmushi. Ya ciro sukundireba daga aljihu, ya kwance bayan akwatin, ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya ɗaure wata waya da ta saki. Murya ta fito tas. Dattawa suka yi kabbara.

Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah! Ko dubawa bai yi ba. Ka taɓa zuwa Jamus ne, ɗan nan?"

Daɗi ya kwashe Ja'afaru. Yana gaban mahaifin wadda yake so, ga aikinsa ana yabo. Ya ce, "Ai Baba, ni na ƙera shi. Maɗaci ne, daga Jahun na sayo icen."

Dattawa suka kalli juna. Can wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mai da ita tari.

Malam Ari ya daɗe yana kallon takardar mai ƙyalli. Sannan ya ce, "Wannan fa, wa ya manna?"

Sai a lokacin Ja'afaru ya ji abin da bakinsa ya yi.

"Ni ne, Malam."

"Ka san ƙarya ce?"

"Na sani."

"Shekara guda ina karanta wa mutane babin algus da wannan akwatin." Malam ya rufe littafinsa. "Tashi ka tafi. Kada in ƙara ganin ƙafarka a zaurena."

Kwana uku Zulaihat ba ta amsa waya ba. A na huɗu saƙo ya shigo.

"Ba korar da Baba ya yi maka ce ta fi yi mini ciwo ba. Duk abin da ke raina na faɗa maka, har wanda ban faɗa wa Gwaggo ba. Kai kuwa ka bar ni ina goge akwatin nan kullum da safe, ban san hannunka nake gogewa ba."

Ya rubuta amsa ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Ba ni da abin cewa, Zulai. Ki yafe mini."

Ba ta amsa ba.

Sunusi kuwa, da labari ya zaga gari, ya rantse shi ma yaudararsa aka yi. Ya kwashe sauran akwatunan ya jibge su a ƙofar rumfar Ja'afaru. Bayan mako biyu sai ga motarsa a ƙofar gidan Malam Ari. Ya daɗe da ganin Zulaihat, dama yake jira. Ya kawo wa Malam sabuwar lasifika ta roba mai fitilu ja da kore, ya ce a yi haƙuri da abin da ya faru.

Damina ta yi nisa. Kogi ya cika ya haura gonaki, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Ja'afaru ya rame. Yakan zauna a rumfa ya kunna kwamfuta, amma ba ya sa komai. Wata rana Gwaggo 'Yar'azumi ta biyo ta kasuwa sayen daddawa, ta tsaya a kansa.

"Kai kana nan kana jimami, ita tana can ta daina cin abinci. An ce bayan girbi magabatan Sunusi za su zo."

"Gwaggo, ki roƙa mini Malam."

"Roƙon me? Yayana ba ya jin roƙo, ni na san shi tun ina yawo ba zane. Ya ce ba shi kaɗai ka yi wa ƙarya ba. Su nawa ne ma ka yi wa wannan abin kunya?"

"Akwati arba'in da ɗaya."

"To," in ji ta, ta gyara mayafi ta wuce.

Washegari Ja'afaru ya rufe rumfa. Ya ɗauki wuƙa, da wani ƙarfe na ƙona suna a jikin katako da ya sa maƙera suka yi masa mai rubutun JA'AFARU HAƊEJA. Ya san kowane akwati, ya kuma bi bakin mutane har ya gano inda kowanne ya tafi. Inda mota take zuwa ya hau mota. Inda ruwa ya cinye hanya ya shiga kwalekwale.

Duk inda ya je magana ɗaya ce: "Akwatin nan ba na Jamus ba ne, ni na yi shi, ni na manna ƙarya a jikinsa. Na zo in cire, in kun yarda in sa sunana. In ya lalace, gyaransa a kaina har in mutu."

A Malam Madori wani mai shayi ya zage shi tas, ya watsa masa ruwan wanke kofi. A Jahun wani ango ya ce kada ya kuskura ya taɓa takardar, amaryarsa ba ta sani ba. Ja'afaru ya zauna a ƙofar gidan tun safe har azahar, sai da amaryar da kanta ta aiko a shigo da shi. A wani ƙauye bayan Kirikasamma ya tarar da akwatinsa a rataye kan sanda a tsakiyar gonar shinkafa, mai gonar yana kunna ihun mutane don korar tsuntsayen jan baki.

"Jamus ko Haɗeja, su tsuntsayen ba su tambaya ba," in ji manomin. "Sa sunanka, ka zo mu ci kifi."

Kullum yakan tura wa Zulaihat saƙo guda, ba ya jiran amsa. "Yau uku." "Yau ɗaya, an kore ni a ɗaya, gobe zan koma." "Yau ba ko ɗaya, zazzaɓi."

A kan na zazzaɓin ne ta amsa, bayan kwana talatin da shida na shiru.

"Ka sha magani, Mai Katako. Na ce wa Baba ba zan yi masa musu ba, amma in ya tambaye ni ko ina son Sunusi, ni ma ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tambaya."

Ya karanta a cikin kwalekwale. Mai tuƙi ya ga yana share ido, ya kau da kai wajen ruwa.

Saura akwati ɗaya. Ranar wata Laraba bayan la'asar ya tsaya nesa da zauren Malam Ari, bai taka tabarma ba. Majalisa ta cika kamar wancan karon.

"Na ce kada in ga ƙafarka."

"Allah ya gafarta Malam, ba shiga zan yi ba. Arba'in na gama, naku ne ya rage. In cire in tafi."

Malam ya dube shi. Ya ga wuyansa ya zama kamar na zalɓe, ƙafafunsa duk tsagewar ruwa.

"Wani ɗalibina na Kirikasamma ya ba ni labari, na ce ƙarya ne. Shi wanda ya kawo takardun, shi ma yana yawon?"

"Ban zo da maganar kowa ba, Malam. Hannuna ne ya manna."

Malam dai ya riga ya yi nasa binciken, ya san inda aka buga takardun da wanda ya kai aikin. Ya sa aka fito da akwatin daga ɗakin hatsi, duk yanar gizo. Ja'afaru ya durƙusa ya kankare takardar, ya naɗe kayansa, ya miƙe.

"Ina za ka? Ba ka sa sunan ba."

"Ban zaci za ku so sunana a gidanku ba."

"In ban so ba zan faɗa. A kawo masa garwashi ya gasa ƙarfensa." Malam ya juya wajen dattawa. "Ku shaida, abin kunya ya yi, ya kuma bi shi da ƙafa ya wanke. Ni da girmana ban tabbata zan iya ba." Sannan ya ce wa Ja'afaru, "Ka ce wa kawunka Gwadabe ina nemansa ran Juma'a."

Daga bayan ƙyauren zaure aka ji wata ta fashe da kuka, aka kuma ji Gwaggo tana cewa, "Ke tafi can, da an hana kuka, an bayar ma kuka?"

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure. Manomin nan na bayan Kirikasamma ya zo da kwandon bandar kifi, mai shayin Malam Madori ma ya zo, ya ce shi fa har yanzu bai huce ba, amma a ba shi alawa. Malam Ari ya riƙe hannun Ja'afaru ya daɗe bai saki ba.

"Uwarta ba ta ga wannan rana ba," ya ce. "Ka riƙe mini ita da gaskiya, ko gaskiyar ba daɗi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

Jama'a suka ce amin.

Da yamma, ana shirin kai amarya, wayarsa ta yi ƙara.

"Angona, Gwaggo ta ce a gaya maka ta ƙara kwano biyu a kayan gara. Wai ba za ta kai ni gidan ƙashi da fata ba. Ka shirya ci."