Saƙon da Ya Maƙale a Kwamfuta

Da tsakar rana ya shigo ɗakin gyaran na'urori na ma'aikatarsu, rungume da kwamfutarsa.

"Ko na rufe ta ba ta barci," ya ce. "Cikin jaka take ɗaukar zafi, caji ya ƙare."

Budurwar da ke bakin teburin ta ɗago kai. Nan take sauran bayanin ya ɓace masa.

"Intanet ke tashinta," ta ce tana danne-danne. "Na saita ta. Da ka rufe murfi za ta yanke intanet tukuna, sannan ta kwanta."

Shi mai zanen gine-gine ne a hawa na biyu. Daga ranar kullum sai ya ƙirƙiro matsala ya sauko, har ta ce, "Malam, kwamfutar nan ƙalau take, kai ne ba lafiya."

A haka soyayya ta ƙullu tsakaninsu, amma Abbanta bai yi na'am ba. "Mutumin da kullum yana daji wajen gini? In da gaske yake, ya turo magabatansa. Ga ɗan aminina ya daɗe yana magana."

Ta rubuta masa: "Mai Zanena, Abba ya ce ka turo manya. Ka ce wani abu."

Wayarsa ta lalace, ta san a kwamfuta yake amsa saƙo. Ta ga alamar ya karanta, amma shiru. A ofis aka ce ya tafi aikin gada. Abinci ya daina shiga, ta rame. Ɗan aminin Abba ya fara zuwa hira, tana zama don kunya, hankalinta na kan waya.

Ranar da ta yanke shawarar haƙura, saƙo ya shigo: "Injiniyata, kawunnaina za su zo duk ranar da Abba ya sa. Ba ni da kowa sai ke."

Sai ga kiransa da lambar abokin aikinsa.

"Wallahi tun ranar na amsa. Direban da zai kai mu aikin gadar na ta danna hon, na tura na rufe murfin kwamfutar, intanet ya yanke kafin saƙon ya tafi. Can kuma babu sabis, sai yau da na dawo na buɗe ta saƙon ya fita. Ba a ba da ke ba ko?"

Kuka ya ƙwace mata. "Saura kaɗan. Ka zo kawai."

Kawunnan sun zo. Abba ya daɗe yana jujjuya maganar kafin ya amince.

Ranar ɗaurin aure ya dafa kan angon ya ce, "Ga amana nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya albarkaci zuriyarku."