Wa'azin Motar Nima

Lamisi mai wake da shinkafa ta shiga motar haya a tashar Nima, ta zauna a gaba, ta turo cikinta na wata biyar yadda ko makaho sai ya yi tuntuɓe da shi.

Ba unguwa za ta ba, farauta ta fito.

Atinga, mai wa'azin cikin mota, yana tsaye da littafinsa, takalmi na sheƙi. Shi ya yi shekara yana ce mata "zumata" a bayan coci, shi ya yi mata cikin, shi ne kuma ya damƙa mata ƙwayoyin zubarwa da aka yi masa tayin 'yar fasto. Yau bakinsa sai ya faɗa kan zubar da ciki. Mu maza Allah ya ba mu baiwar mantuwa, ba ƙarama ba.

"'Yan'uwa, tun ba a siffanta Irmiya a ciki ba Ubangiji ya san shi. Yohanna yana cikin uwarsa ya yi tsalle don murna. Tsokar banza tana murna?"

"Amin," in ji Lamisi da ƙarfi.

Ya waigo. Suka haɗa ido, wa'azin ya tsaya.

Ta ce, "Mai wa'azi, ina da tambaya. In uban ne da kansa ya sayo maganin fa? Shi ma mai kisa ne, ko mace kaɗai ayar ta sani?"

"Sista... a bari mu sauka..."

"A'a, amsa mata," in ji wata tsohuwa mai kwandon albasa, Hajiya Mulikatu. "Ni Musulma ce, amma kullum kana cika min kunne har Kanda. Yau ina son jin ƙarshe."

Atinga ya share gumi. "Shi ma... jinin yana wuyansa."

Lamisi ta ciro ƙullin ƙwayoyin, ko ɓarewa ba ta yi ba, ta ɗora masa a kan buɗaɗɗen littafin.

"Ga kayanka. Na so in sha, Allah ya sani. Wa'azinka ne ya hana ni."

Direba ya kashe rediyo.

"Mulikatu ba ta yi asarar kuɗin mota ba yau," tsohuwar ta ce wa albasarta.

Lamisi ta sauka a Kanda. Ya biyo ta da gudu, ya durƙusa a bakin kwata, farin wandonsa ya sha laka.

"Lamisi, hasken idona... tsoro ne ya kama ni. Mahaifiyata ta ce ba ta haɗa jini da mai sayar da wake da shinkafa. Zan bar 'yar fasto. Zan aure ki, gobe ma."

Munafukar zuciyarta har yanzu tana sonsa. Ta dube shi har ya fara sa rai.

"Da jiya ka faɗi haka, ba kowa, da na bi ka har garin Bolga a ƙafa. Yau kunya ce ke neman aurena, ba kai ba."

"To ɗana fa?"

"Ran suna za a aiko maka. Ka zauna a baya, wajen baƙi."

Ta tsallaka titi kanta a sama. Sai da ta sha kwana, inda ba zai gan ta ba, ta jingina da bango ta fashe da kuka. Ɗan ya motsa a cikinta, ta dafa shi.

"Yi haƙuri," ta ce. "Ubanka ke nan. Da ka ji yadda ya iya magana."