Masu Zama a Teburin Zailani

Ranar wata Laraba da la'asar sakaliya Zailani kafinta ya shigo Daura ta hanyar Zango, yana zaune a bayan a-kori-kura, hannunsa dafe da wani tsohon teburin sinuka. A wani kulob ɗin ma'aikata da aka rufe shekara talatin da suka wuce ya samo shi. Irin na da ne, wanda sai an sa kwandala a wani ɗan harshen ƙarfe an tura, sannan ƙwallaye su gangaro. Niyyarsa ya gyara shi a gida, ya sayar wa Lawal mai gidan kallon ƙwallo, wanda ya daɗe yana neman irinsa.

Ƙarti takwas suka sauke shi a zaure suna nishi, domin ƙarƙashin koren ƙyallen da ke samansa dutse ne a shimfiɗe. Iya, mahaifiyar Zailani, ta fito daga cikin gida tana dogara sandarta, ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Wannan kuma makarar wa aka kawo mini?"

"Tebur ne, Iya. Na wasa."

"Na caca dai. Ubanka ƙofofin masallaci ya yi wa garin nan, kai ga inda ka ƙare." Ta matso, ta shinshina gefen katakon, ta ja da baya. "Abin da ya shekara talatin a rufe, ka tabbata babu masu zama a ciki?"

"Ɓeraye ma sun gudu, Iya."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta koma ciki.

Kwana tara ya yi a kan aikin, kuma ba a raina hannun Zailani. Ya zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya yana tara su a gwangwani. Ya yaye tsohon ƙyallen da asu ya cinye, ya cike tsagar da ke jikin dutsen, ya goge ta har yatsa ba ya jin inda take. Ƙafa biyu da gara ta ci ya sake su da katakon maɗaci. Ya sa sabuwar roba a gefuna, ya ja sabon ƙyalle ya ɗame shi tsaf.

Cikin teburin ne ya gagare shi. Ramuka shida ne a samansa, kowanne da hanyarsa da ke gangarawa zuwa wani akwati a ƙasa, inda ƙwallaye suke taruwa. Akwatin a kulle yake, makullin ya ɓace tun zamanin kulob, shi kuwa ba ya son fasa shi, don Lawal ya ce da kwaɗonsa na asali yake so. Ya zuba wa harshen ƙarfen baƙin mai, ya sa tsohuwar kwandala ya tura, ko motsi. Da ya zura waya ta ramin kusurwa, sai ta fito da busasshiyar laka. Ya ce a ransa zanzaro ne ya yi gini ya toshe hanyoyin, ruwan zafi kawai zai narkar da shi.

A yammacin kwana na tara Lawal ya aiko cewa gobe da safe zai zo da mota. Zailani ya dubi rana, ta riga ta faɗi. Ladan ya fara kiran magariba. A tsakar gida matarsa Saudatu ta ɗora ruwan tuwo yana tafasa, ta zaga yin alwala. Ya sa tsumma ya sauke tukunyar, ya nufi zaure da ita.

Babu wanda ya tashi a ƙasar Daura da bai san cewa ba a zuba ruwan zafi a rami ko a kwata ba tare da bisimilla ba, balle da magariba. Akwai waɗanda muke zaune tare da su ba ma ganinsu, kuma a irin wuraren nan suke kwantar da 'ya'yansu. Zailani ya san wannan sarai. Sai dai a idonsa wannan ba rami ba ne, katako ne da dutse, aikin da za a zo ɗauka gobe.

Ya karkata tukunyar a ramin kusurwa, ya juye ta duka, bakinsa a rufe.

Tururi ya taso ta ramukan shida a lokaci guda. Ya jira ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka, amma abin da ya bugi hancinsa ƙaurin gashi ne.

Sai ya ji kukan. Siriri ne, daga can ƙasa, irin na jaririn da numfashi ya ɗauke masa kafin muryar ta fito.

Ya ajiye tukunyar a hankali. Ya ce wa kansa kyanwa ce.

Harshen ƙarfen nan da ya ƙi motsi kwana tara ya shige ciki da kansa. Ƙwas. Ƙwallaye suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya, gurrr, ƙwal, gurrr, ƙwal, kowacce tana hayaƙi.

Fitilar zauren ta dushe ta koma ja.

"Wa ya zuba?"

Muryar mace ce, ƙasa ƙasa, daga ramin da ke kusa da cinyarsa.

Ya buɗe baki zai yi a'uziyya, harshensa ya manne.

"Kwana tara kana buga mana guduma a ka, muka yi shiru. Ka yaye mana rufi, muka yi shiru. Barci yake yi. Me ya yi maka?"

"Ban... ban sani ba," ya ce da raɗa.

"Ka sani. Uwarka ta faɗa maka. Miƙo hannun."

Ya ja da baya, ƙafafunsa suka ƙi. Hannunsa na dama ya ɗaga da kansa. Ya kama shi da na hagu ya danne, ya suɓuce masa. Yana kallo yatsunsa suka haɗe, suka shiga ramin, har wuyan hannu, har gwiwar hannu, a ramin da ƙwallo ɗaya ke cika shi.

Wani abu ya riƙe shi a ciki. Yatsu ne busassu, dogaye, sun fi biyar.

Sai zafin ya zo.

Ihun da ya yi har masu sahu a masallacin unguwa suka ji.

Iya ce ta fara isowa, ba sanda, ba takalmi, da butar alwala a hannunta. Shi ne ɗanta na fari, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai a daren nan.

"Zailani! Kada ka ja, za ta tsinke shi!"

Ta durƙusa a gaban teburin kamar mai gaishe da manya.

"Salamu alaikum, masu gida."

Kukan jaririn ya ci gaba da fitowa daga ramin.

"Baiwar Allah, ni ma uwa ce. Wauta ce ta ɗebe shi, ba mugunta ba. Ni na haife shi, ni na kasa koya masa."

"Nawa ya saɓule," muryar ta ce. "Tun daga wuya har ƙugu."

"Ga ruwan randa, mai sanyi. Ki tara shi. Bismillahi."

Iya ta karkata butar a ramin tsakiya, tana zubawa kaɗan kaɗan, tana bisimilla a kowane zubi. Kukan ya ragu, ya koma shessheƙa.

Ruwan butar ya ƙare.

"Fatar da ya cire wa nawa na cire wa naki," muryar ta ce. "In nawa ya tashi, mun rabu. In bai tashi ba, zan zo in ɗauki sauran, har kafaɗa."

Aka sake shi. Ya faɗi da baya, ƙeyarsa ta bugi bango. Saudatu da ta shigo a guje ta ga hannun, ta kau da kai ta toshe bakinta da mayafi.

Da safe Lawal ya zo da mota da ƙarti. Iya ta tare shi a ƙofa ta ce babu tebur na sayarwa a gidan nan. Ya yi ta faɗa yana cewa an mai da shi yaro, ta juya ta shige gida.

Wata uku hannun ya yi kafin ya warke, kuma ya warke ne da yatsu uku a manne. Zailani ya koyi riƙe zarto da hagu. Aikinsa bai koma yadda yake ba, manyan masu ba shi kwangila suka watse, ya koma gyaran kujeru da benci. Teburin yana nan a inda aka sauke shi. Ba ya bari a jingina da shi, ba ya bari a yi shara da ƙarfi kusa da shi, kuma kafin damina ta faɗi ya hau ya sake rufin zauren gaba ɗaya don kada ɗigo ya sauka a kai.

Yau shekara huɗu ke nan. Kullum in ladan ya fara kiran magariba, Zailani yakan tsaya a bakin zauren, ya sunkuyar da kai, ya kasa kunne. Wani lokaci yakan daɗe. Sai can ya ji ɗan tari siriri daga ƙasan dutsen, da muryar mace tana lallashi. Sannan ne yake sakin numfashi ya wuce masallaci, inda a kowace sujada yake roƙa wa yaron da bai taɓa gani ba lafiya da tsawon rai.