Facin Jan Zare

Ranar da Ni'ima ta fara shiga shagon Musaddiq a Gwallaga, a gajiye take liƙis. Shago na biyar ke nan tun safe, kowa ya kalli hoton motar a wayarta sai ya girgiza kai.

Shi tana zuwa ta same shi a durƙushe yana ɗinka wa wani keke napep rumfa. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Tsohuwar farar mota ce, irin mai rufin tamfol da ake naɗewa baya, rufin duk ya kekkece.

"Hajiya, wannan ai ta girme mu ni da ke."

"Malam, za ka iya ko in ƙara gaba? Wallahi ƙafafuna sun gaji."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai. Ya jawo benci, ya goge shi da hannun rigarsa.

"Zauna tukuna. Zan iya."

Motar ta mahaifinta ce, Alhaji Abdulbaqi na GRA. A cikinta ya ɗauko mahaifiyarta amarya. Tun da Mama ta rasu shekara huɗu baya bai ƙara tuƙa ta ba, dariya ma sai da kyar. Ni'ima ce ta nace a gyara ta, ko zai riƙa fita shan iska, don ta gaji da shirun gidan nan.

Aiki kuwa ya ja. Babu inda ake sayar da irin wannan rufi a ɗinke, dole Musaddiq ya warware tsohon ƙyalle-ƙyalle, ya shimfiɗa a kan sabon tamfol, ya zana da alli ya yanka. Kullum in ta taso daga makarantar da take koyarwa sai ta biya, wai duba aiki. Duba aiki, ina! Ranar da ba ta zo ba har sai an yi saƙo.

"Telana, ka ci abinci kuwa, ko yau ma gam ka shaƙa ka ƙoshi?"

"Na ci, Ni'imata. Benci dai ya yi kewarki, ni ban ce komai ba."

Da ta gaya wa Baba cewa Musaddiq take so, sai ya ce:

"Mai ɗinkin rumfar keke, Ni'ima? Ga ɗan'uwanki Muktar yana ta zarya a gidan nan?"

"Baba, Yaya Muktar yayana ne kawai."

"To, bari in je in ga yaron da aikinsa."

Muktar ne ya kai su, yana tafe yana toshe hanci. Musaddiq ya durƙusa ya gaishe su. Alhaji bai ko kalli sabon tamfol ba, ya waiwaya nan, ya waiwaya can.

"Ina tsohon rufin?"

"Ranka ya daɗe, na gama awo da shi. Ƙyallayen na rabar wa masu buƙata."

"Da facin?"

"Wane faci, ranka ya daɗe?"

Nan take Ni'ima ta tuna. Akwai wani faci kamar tafin hannu daidai saman kujerar mai zaman banza. Mama ce ta ɗinka shi da jan zare a bakin hanya, wata damina da ruwa ya riƙa ɗiga mata a ka suna amare. Ni'ima ta san labarin tun tana ƙarama, amma wallahi ko sau ɗaya bai zo mata ta faɗa wa Musaddiq ba. Shi kuma a idonsa na tela, wani karkataccen ɗinki ne kawai.

Muktar ya taɓe baki. "Kawu, ai na faɗa. Me suka sani in ban da almakashi?"

Alhaji ya juya a hankali kamar wanda aka ƙara wa shekara goma. "Ka gama aikinka a kawo min motata. Maganar 'yata kuwa, ka bar ta."

Ni'ima ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Haushin kanta take ji, amma a kansa ta huce.

"Abin hannun mahaifiyata ka rabar kamar tsumma. Na gaji, Musaddiq. Na gaji da komai."

Amsarsa gajeriya ce. "Laifina ne da ban tambaya ba. Ki yi haƙuri, zan nemo shi."

Daga nan shiru. Kwana tara babu saƙo, in ta biya shagon a rufe. Muktar har ya fara cewa yaron ya gudu. Ita kuma tana kai wa Baba abinci tana ɗauko shi yadda ta kai.

Ashe Musaddiq bin gari yake, daga mai shayi zuwa mai faskare, yana tambayar wanda ya ɗauki wane ƙyalle. A Tirwun ya sami ƙyallen mai facin, wani manomi mai suna Toma ya rufe akurkin kajinsa da shi. Toma ya ce sam, kajinsa ba za su kwana a ruwa ba. Sai da Musaddiq ya zauna ya ɗinka wa akurki sabuwar rumfa sannan ya karɓo.

Ranar da ya kawo motar GRA, Ni'ima ta ga ya rame, yatsunsa duk huji. Ya durƙusa gaban Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ga ta. Amma kada a naɗe rufin sai ya yi sati biyu a rufe yana shan rana, sannan zai zauna daidai."

Alhaji ya buɗe ƙofa ya zauna, ya dafa sitiyari, can ya ɗaga kai. Ga facin nan ɗinke a jikin shafin rufin ta ciki, daidai inda yake da, an wanke shi tas, jan zaren a karkace yadda ta bar shi.

Ya kai hannu ya shafa. Hawaye suka gangaro masa har gemu.

"Ba ta iya ɗinki ba, Allah ya jiƙanta," ya faɗa yana dariya. "Me ya sa ba ka gyara shi ba?"

"Ba nawa ba ne, Baba."

Alhaji ya share fuska. "Sati biyu ka ce? To in sun cika, ka turo magabatanka."

Cikin damina aka ɗaura. Da aka zo kai amarya motoci sun yi layi, amma Alhaji ya ce shi zai kai 'yarsa da kansa. Ni'ima ta zauna a kujerar Mama. Ba su kai Gwallaga ba ruwa ya kece, ta ɗaga mayafi ta kalli facin. Ko ɗigo babu. Wayarta ta yi ƙara.

"Amaryata, yana zuba?"

"Ba ya zuba, Telana. Ka huta haka nan."

Baba ya rage gudu. "Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri."

"Amin, Baba," ta ce, ta kwantar da kanta a jikin kujera.