Kaskon Mai Jego

Ranar Litinin Kaleb ya shigo caji ofis a Kafanchan, ya ce surukarsa Milka ta kashe masa jariri da jiƙon sassaƙe. Kafin azahar tsohuwar tana bayan kanta.

Insfekta Dogara bai kai ta kotu ba, ya jira sakamakon gwaji. Sai da aka kwana tara.

"Ba jiƙo ba ne," in ji likita. "Zaiba ce, ruwan nan mai kama da azurfa da ake kama zinare da shi. Tana jinin yaron, tana nonon uwar. In mace ta shaƙi hayaƙinta, jaririnta zai sha a nono."

Dogara ya nufi gidan Kaleb a Manchok. Emilia, uwar yaron, ta miƙo masa ruwa, hannunta na rawa har rabin kofin ya zube.

"Madam, mene ne aikin mai gidanki?"

"Acaɓa, Oga."

Ya dubi babur ɗin da ke tsakar gida. Tayoyin sun sace, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

Ya shiga ɗakin da ta yi jego. An toshe taga da kwali. Kusa da gado ga kaskon gawayi, irin wanda ake hura wa mai jego don ɗumi. Ya tona tokar, sai ga cokali baƙi ƙirin. A bayan akwati ya sami 'yar kwalba, nauyinta ya fi ƙarfin girmanta.

Ya sa aka kira Kaleb.

"Ta wa ce wannan?"

"Ban sani ba, sa. Ko ta Mama ce."

"Mama ce ke haƙar zinare? Nuna min farcenka."

Jar laka ce maƙare a ciki. Kaleb ya zube a ƙasa.

"Daji nake zuwa. In na ƙona zaibar a waje don ware zinaren, maƙwabta za su gani, a kai ni ƙara. Na ga wuta a kaskon Emilia kullum, sai na rufe ƙofa. Allah ya sani, yaron ma fitar da shi nake yi!"

"Ita fa?"

"Ita ke min fifita."

Aka sa masa ankwa. Dogara ya buga waya ofis, ya ce a saki Milka.

Emilia tana tsaye bakin ƙofa, nono ya jiƙa mata gaban riga.

"Oga, wannan fa? Har yanzu yana zuwa."

"Ki tatse ki zubar," ya ce. "Ki shigo mota, asibiti za mu fara."