Kwabon da Ke Ƙasan Rami

Ranar Litinin da hantsi aka sanar da Sufeto Mazin na Madaba cewa an sace dutse mai rubutu daga Tudun Rummana, inda ake haƙar kayan tarihi. Shekaranjiya aka gano shi, rabinsa a binne, aka bar shi har masu hoto su zo.

Kafin Mazin ya isa, an kulle maigadi Abu Turki. A garin nan in tulu ya fashe, mai tsaro ake fara mari. Tsohon yana rantsuwa da 'ya'yansa, shi dai ya san ya tafi jana'iza ranar Lahadi. Mazin ya tura aka tambaya, mutum talatin suka shaida. Amma kotu ta fi son mai laifi a hannu, kuma gobe za a gurfanar da shi.

Dokta Rula, mataimakiyar shugaban aikin, ta ce ranar Lahadi tana Amman wurin mahaifiyarta, ga takardar asibiti. Da ya tambaye ta wa ya karanta rubutun, sai ta ce Farfesa Mitri, shugaban aikin, shi kaɗai ya share ƙasar da ke kai, ya sake rufe shi bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba.

Kowa ya san Mitri. Shekara arba'in yana haƙa tudun nan, littafi uku ya rubuta cewa nan ne Yahaz, garin da Attaura ta ambata. Mazin kansa ya zauna a ajinsa.

Ya sa aka kwashe ƙasar da aka cike ramin dutsen da ita, ya sauka ya daɗe a ciki. Da ya fito, sai ya nufi gidan Mitri.

Ya sami Farfesa a gindin kurangar inabinsa, ya sha gahawa tukuna, sannan ya ajiye sabon kwabo a kan faranti.

"Malam, ɓarawon kayan tarihi tono yake kamar kare. Wannan ramin kuwa bangonsa a miƙe, ƙasar a tankaɗe. A ƙasansa na tsinci kwabon bana. Kai ka koya mana a bar sabon abu kafin a cike rami, don kada na baya ya ruɗe."

Mitri ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Ashe kana saurare. Na ɗauka barci kake yi a bayan aji."

"Me ke jikin dutsen?"

"Sunan wani gari. Ba Yahaz ba."

Mitri ya shiga ɗaki ya turo dutsen a baro, naɗe da bargo, har da lambarsa da kwanan wata a ɗaure. Ya ce guduma ya tafi da ita ranar don ya farfasa shi, hannun ya ƙi.

Mazin ya ji tausayinsa ƙwarai, amma ya tuna masa Abu Turki yana can a kulle.

Farfesa ya sunkuyar da kai, ya ɗauki hularsa.

"Mu fara buɗe masa. Sannan ka kira Rula ta zo da alƙalami. Ni na yi kuskuren, ni zan karanta mata sunan."